Nisan Yola zuwa Garwa ta jirgin sama, wanne lissafi ne daidai?

Dalibi_22

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masu ilimin harkar jiragen sama ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Nisan da ke tsakanin filin jirgin Yola a Najeriya da na Garwa a Kamaru nake nema, sai na shiga ɗaya daga cikin shafukan nan masu lissafa nisa na sa YOL na sa GOU, wato haruffan filin Yola da na Garwa, ya jero min lambobi har uku, 104 da 64 da 56, a ƙasa kuma ya rubuta wai tafiyar ko minti 40 bata kai ba. Nace madalla abu ya zo da sauƙi. Da na koma wajen neman tikiti nan fa ido ya raina fata, babu jirgi ko ɗaya da zai ɗauke ka a Yola ya sauke ka a Garwa, abinda suke nuna min shine in je Legas, daga Legas in je Duwala, daga Duwala kuma in sake haurowa arewa, tafiyar da za ta cinye wuni sukutum har da kwana a hanya.

Tambayoyina su ne, a cikin lambobin nan uku wanne ne na gaskiya? Sannan wannan miƙaƙƙen layin da suke zanawa a kan taswira shi jirgi yake bi ko ado ne kawai? Kuma in dai garuruwan suna kusa haka me ya hana a sa jirgi? Nagode.

Malam_Taswira

Wa alaikumus salam ƙanina. Duka ukun gaskiya ne, nisa ɗaya ne aka auna da ma'auni uku. 104 kilomita ne, 64 mil ne irin na kan tudu wanda Amurkawa da Turawan Ingila ke amfani da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609, shi kuma 56 mil ɗin teku ne, kowane ɗaya kilomita 1.852 cif cif. Matuƙa jirgin sama da na ruwa da wannan na ƙarshen suke aiki, in kaji matuƙi yace saura mil 30 mu sauka to mil ɗin teku yake nufi.

Kuma ba sai ka dogara da shafin ba, da biro da takarda za ka iya fitar da shi. Kowane filin jirgi yana da lambobin da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Na Yola yana kan digiri 9 da minti 15 arewa, digiri 12 da minti 26 gabas. Na Garwa yana kan digiri 9 da minti 20 arewa, digiri 13 da minti 22 gabas. Minti a nan ba na agogo bane, kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri. To dalilin da yasa aka ƙirƙiro mil ɗin teku tun farko kenan, minti ɗaya in ka yi arewa ko kudu daidai yake da mil ɗin teku ɗaya. Kaga tsakaninsu ta arewa minti 5 ne kacal, mil 5 kenan. Ta gabas kuma daga 12 da 26 zuwa 13 da 22 minti 56 ne. Sai dai ta gabas da yamma akwai ɗan ragi, saboda layukan da suka taso daga ƙuryar arewacin duniya zuwa ta kudu suna matsewa in kana nisa da ikweta, a digiri 9 ragin kaɗan ne, ka ninka 56 da 0.987 zai baka 55 da ɗoriya. Ka haɗa da 5 ɗin nan ta lissafin Pythagoras da muka yi a sakandare, za ka samu 55 da rabi, ka cika shi 56. Ninka da 1.852 ka gani ko ba 104 zai baka ba.

Wannan ragin kar ka raina shi dan a nan bai yi yawa ba. A Helsinki da ke digiri 60 arewa, digiri ɗaya ta gabas kilomita 56 ne kawai, rabin abinda yake a ikweta inda yake 111.

Shi kuma layin da kake gani, shine hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a kan abu mai siffar ƙwallo. Ka samu ƙwallo ka ɗiga alama biyu ka ja zare tsakaninsu ya yi tsam, inda zaren ya kwanta shine layin. A tafiyar kilomita 104 ba za ka ga wani bambanci ba, miƙe yake kamar da rula aka ja, amma ka sa Dubai zuwa San Francisco ka gani, layin zai lanƙwashe ya yi sama ya bi ta kusa da ƙuryar arewa, mutane su ɗauka jirgin zagaye yake alhali taswirar ce da aka shimfiɗe take yaudarar ido.

In ka ga wani shafin ya ce 103 wani ya ce 105 kar ka damu, wasu suna ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mulmulalle mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baya, wasu suna amfani da WGS 84 irin na GPS wanda ya san duniya ta ɗan baje ta tsakiya, wasu kuma daga tsakiyar gari suke aunawa ba daga filin jirgi ba.

Tsohon_Dispacha

Malam ya gama da ɓangaren lissafi Allah ya ƙara basira, ni bari in taɓa tambaya ta biyu dan ita ce aikinmu. Amsar a taƙaice a'a, jirgi baya bin wannan layin daga farko har ƙarshe, kuma duk sadda tafiya ta gajarce to abinda ake ƙarawa a kai ya fi fitowa fili.

Fara da titin tashi. Titin Yola lambarsa 17/35, ma'ana ya miƙe ne kudu da arewa, ita kuma Garwa tana gabas. To kaga ko ta wane kai ka tashi ba Garwa ka fuskanta ba, sai ka hau sama ka kai wani tsayi tukunna hasumiya ta baka izini ka karya kwana. Titin Garwa kuma 09/27 ne, gabas da yamma. Jirgi iska yake so ta buge shi ta goshi wajen tashi da sauka, in lokacin hunturu ne iska na kaɗowa daga arewa maso gabas to ka ci sa'a, kana tahowa daga yamma za ka shiga 09 kai tsaye. Amma in iska ta juya aka ce 27 ake amfani da shi, dole ka wuce filin ta gefe ka yi gaba wajen mil 10 sannan ka juyo ka daidaita hanci da titi, zuwa da dawowa ka ƙara kusan mil 20 a tafiyar da gaba ɗayanta mil 56 ce. A tafiyar Legas zuwa Landan wa zai lura da mil 20? A nan kuwa sulusin tafiyar ne.

Sannan sama ba fili bane da kowa ke bin inda ya ga dama, akwai hanyoyi masu suna da lamba, akwai tashoshin da dole ka ratsa ta kansu, akwai wuraren sojoji da aka hana shiga, in damina ce ga hadari ya tokare hanya rada ta nuna ja, ba mai hankalin da zai kutsa ciki sai a kewaye. Ita kanta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, a ma'auninta na hayaƙin da jirage ke fitarwa bata yarda da miƙaƙƙen layi tsurarsa ba, in tafiya bata kai kilomita 550 ba tana ƙara 50, daga 550 zuwa 5,500 ta ƙara 100, sama da haka ta ƙara 125. Da lissafinsu 104 ɗinka ya zama 154.

Maganar lokaci kuma, shafukan nan da yawansu raba nisa suke da gudun babban jirgi, wajen kilomita 800 a awa, sannan su ɗora rabin awa na tashi da sauka, shi yasa ka ga abinda bai kai minti 40 ba. Inji ne ya buga lissafi, ba wai akwai jirgin da ya taɓa yi aka auna ba, ko filaye biyun da rabonsu da jirgin fasinja an yi shekaru ka sa masa zai baka amsa da ƙarfin gwiwa. Jirgin da ya dace da irin wannan layin mai farfela ne kamar ATR 72 da ke gudun wajen kilomita 500 a awa, a takarda minti 12 zuwa 13 kenan, amma bazai ma kai cikakken gudunsa ba, yana gama hawa za a ce ya fara sauka. Mu lokacin da muke rubutawa daga sadda aka janye katakon da ke tokare taya jirgi ya motsa ne har zuwa sadda aka sake tokare shi a can, da tafiyar ƙasa zuwa bakin titi da jiran izini duk a ciki, shine abinda kake gani a tikiti. Kuma man da za a zuba ba na mil 56 bane, akwai na zuwa wani filin daban in hazo ya rufe Garwa ba a ganin titi, akwai na ajiya na minti 30 wanda doka tace dole ya rage a tanki.

Sarkin_Zolaya

Hhhhh wato kana Yola kana hango Garwa amma sai kaje ka gaida mutanen Legas ka dawo. Ni dai na buga lissafin hanyar da suka baka, Yola zuwa Legas wajen 1,050, Legas zuwa Duwala wajen 760, Duwala zuwa Garwa wajen 710, jimla sama da kilomita 2,500 kenan dan kaje wajen da yake 104. Ninki 24 fa. Kuma duka garuruwan a bakin kogin Binuwai suke, wlh kwalekwale ma sai ya riga ka isa

Anti_Lauya

Sarkin zolaya Allah ya shirye ka, amma lissafinka ya yi daidai. Ɗalibi tambayarka ta uku ita ce mai nauyi, kuma amsarta ba a taswira take ba, a takardu take da aljihun kamfanoni.

Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 aka tsayar cewa kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin samaniyarta, kuma jirgin fasinja mai jadawali ba zai shiga wata ƙasa ba sai da izininta. Saboda haka ƙasashe biyu suke zama su sa hannu a yarjejeniyar sufurin jiragen sama, wadda ake kira BASA, a cikinta ake faɗin kamfanonin da kowace ƙasa ta amince su yi jigila, sau nawa a sati, kuma wane gari da wane gari za a sauka. In sunan filinku baya cikin garuruwan da aka lissafa to ko da ƙafa ake iya zuwa tsakaninsu sai an koma teburi. Galibi kuma manyan birane ake rubutawa, ƙananan filaye na jihohi da larduna ba a cika tunawa da su ba.

Bayan wannan, ba kowane filin jirgi ake shiga ƙasa ta cikinsa ba, sai wanda gwamnati ta ware ta zuba masa kwastam da imigireshan da jami'an lafiya. Akwai filaye da yawa da aka liƙa musu sunan na ƙasa da ƙasa amma jami'an nan sai lokaci lokaci ake kawo su, in akwai jigila ta musamman ko jirgin shata da aka nemi izininsa tun da wuri. Ga kuma masu kula da zirga zirga a sama, a Najeriya NAMA ce, a Kamaru ASECNA ce mai hedikwata a Dakar wadda ke riƙe da saman yawancin ƙasashe rainon Faransa, a 'yar gajeriyar tafiyar nan sai an miƙa jirgi daga hannun waɗancan zuwa na waɗannan. Wannan ba matsala bace, kullum ana yi, na kawo ne dan ka san iyaka tana nan a sama kamar yadda take a ƙasa.

Amma ni a ganina ko an share duk takardun nan babban abin shine riba. Kuɗin sauka a fili, kuɗin masu lodin kaya, harajin fasinja mai ƙetare iyaka, duk ba ruwansu da nisa, ko kilomita 100 ka yi ko 1,000 za ka biya. Mai kuma a wajen tashi da hawa jirgi ya fi shan sa, sannan injin da tayoyi ana ƙirga musu sau nawa aka tashi aka sauka ne kafin a kai su gyara, gajeren layi yana cinye wannan ƙirgen da wuri. Sai ka raba duk wannan a kan kujeru 70 ka tambayi kanka mutum nawa ne kullum za su biya tikitin ƙasa da ƙasa, su zo awa biyu kafin tashi, dan tafiyar da mota ke iya yi. Shi yasa kamfani ya gwammace ya kwashe kowa ya kai babbar cibiya ya cika jirgi daga can.

Shugabannin Afirka sun san da ciwon. An yi matsayar Yamusukuro a 1999 dan a buɗe sama tsakanin ƙasashen nahiyar, a Janairun 2018 kuma Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya, SAATM, a Adis Ababa. Sa hannu dai an sa, aiwatarwa ce take tafiyar hawainiya, kowa na kare kamfanin ƙasarsa.

Dalibi_22

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na buga lissafin Malam da kaina kuma ya fita. Anti to kenan a duniya babu inda ake yin irin wannan gajeren layin tsakanin ƙasa da ƙasa? Kuma baba Dispacha, tunda nisan baya canzawa ai ina ganin zuwa da dawowa lokaci ɗaya za su ci ko?

Anti_Lauya

Akwai mana, amma ka lura da inda suke. Kinshasa da Brazabil suna kallon juna, kogin Kwango ne kawai a tsakani kuma babu gada, filayensu ko kilomita 30 basu kai ba kuma an sha yin jigila a tsakani, sau da yawa ma jirgi ne mai dogon zango yake sauke wasu a nan ya tsallaka ya sauke sauran a can. A yankin Karibiyan haka ƙananan jirage ke tsalle daga tsibiri zuwa tsibiri, kamar Anguilla zuwa Sint Maarten, tafiyar wajen minti 10. Duk inda ruwa ya tare hanya gajeren layi yana rayuwa.

Inda akwai titi mai kyau kuwa da wuya. A Nuwamban 2016 wani kamfani ya buɗe layi daga ƙaramin filin Altenrhein a Suwizalan zuwa Friedrichshafen a Jamus, wajen kilomita 20 ta saman tafkin Constance, minti 8 a sama, jaridun duniya suka yi ta yayata shi. Zuwa Afrilun 2017 an rufe, fasinja basu isa ba. Can fa ba ruwanka da biza ko dogon layin imigireshan, amma duk da haka bai ɗore ba.

Jirgin shata dai kullum ƙofarsa a buɗe take in an nemi izini. Lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a Janairun 2022 ai a Garwa Super Eagles suka yi wasanninsu, ba wanda ya ce musu su bi ta Duwala.

Tsohon_Dispacha

A'a ɗana, nisan ƙasa ne baya canzawa, jirgi kuma a cikin iska yake iyo, ita ma iskar tafiya take. In tana tura ka ta baya ka isa da wuri, in ta goshi take ka makara kuma ka ƙone mai. A layinka bambancin minti ɗaya ko biyu ne, titin da aka baka ma ya fi iskar tasiri. A dogon zango ne abin yake girma, can sama wajen kilomita 10 akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi yasa Niyok zuwa Landan ya fi Landan zuwa Niyok sauri da kusan awa guda. A Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a sama da awa 6. Mu kan bar gajeriyar hanya da gangan mu bi doguwa in iskarta ta fi kyau.

Sai siyasa, wadda ita shafin lissafi bai san da ita ba sam. Da Rasha ta rufe samanta ga jiragen Turai a 2022, Helsinki zuwa Tokyo da ake yi a awa 9 da wani abu ya koma wajen awa 13. Haka a Agustan 2023 da Nijar ta rufe nata bayan juyin mulki, ga na Sudan a rufe tun Afrilu saboda yaƙi, jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa kudancin nahiyar sai da suka riƙa kewayawa ta gefe, wasu har da tsayawa shan mai. Ka sa garuruwan a shafin a ranar, lambar da ya baka jiya ita zai baka.

In aikin makaranta kake ka rubuta kilomita 104, mil ɗin teku 56, ka ce miƙaƙƙen layi ne tsakanin filaye biyu kuma ka faɗi daga inda ka auna. In tafiya za ka yi da gaske ka duba jadawalin kamfanoni, ka duba ko tikiti ɗaya ne ya haɗa zangon duka ko kowanne daban, dan in daban daban ne jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa, kuma kayanka sai ka karɓa ka sake awo a kowane zango. Kuma ka tabbatar haruffan ukun da ka sa daidai ne, Garwa GOU ce, akwai Marwa a can arewa da ita MVR, akwai Gawundare NGE, duk a arewacin Kamaru suke kuma mutane na rikita su.

Malam_Taswira

Ƙari a kan na baba, in kana so ka ga bambancin da idonka ka shiga Flightradar24, shafin da ke nuna zirga zirgar jirage a sama, ka zaɓi kowane gajeren layi da ake yi yau, ka danna jirgin da ya riga ya sauka, zai nuna maka sawun da ya bi. Ka duba lanƙwasar da ya yi bayan tashi da wadda ya yi kafin sauka, sannan ka kwatanta da lambar da shafin nisa ya baka.